Abin da Mina da Arfa suka koya min a hajjin 2023

Ni dai kafin in tafi abin da na sani shi ne hajji rukuni ne na biyar, wajibi ga mai iko sau ɗaya a rayuwa, sai bitar da malamai suka yi ta yi mana kan dawafi da sa'ayi da jifa. Amma me ya sa Allah Ya tara bayinSa wuri ɗaya cikin zafi da cunkoso haka, wannan kam sai a can na gane.

Tun daga miƙati abin ya fara, mu ta Madina muka bi don haka a Zul Hulaifa muka ɗau harami, a nan ka ga mai babbar riga da hula mai tsada ya tuɓe su ya ɗaura ƙyalle biyu farare marasa ɗinki, ba turare ba rufe kai, wallahi ba ka iya bambance ɗan kasuwa da leburansa, kowa labbaika kawai yake.

Amma ainihin makarantar Mina ce. A aya ta 197 ta suratul Baƙara Allah Ya ce babu batsa, babu fasiƙanci, babu jayayya a hajji, kuma wannan jayayyar ita ce mai wuya, domin tanti ya cika, katifarka ta manne da ta wani, layin banɗaki ga shi nan ba iyaka, abinci ya makara, mota ta ƙi zuwa, ga zafin da ya haura digiri 40, duk abin da zai sa mutum ya ɗaga murya an tara maka shi kuma an ce ka kame bakinka. Akwai wani dattijo a tantinmu, manomi ne, shekara da shekaru yana tara kuɗin kujera da amfanin gona, wani ya taka masa ƙafa har ta fashe a wurin alwala, shi kuma sai ya riƙe hannun mutumin yana cewa "yi haƙuri ɗana, ni na tsaya a hanya". Ranar na yi kuka, don na ga hajji a jikin mutum.

Ranar Arfa, 9 ga Zul Hajji, ta faɗo Talata 27 ga Yuni, mu sama da miliyan 1.8 a fili guda. Manzon Allah (SAW) ya ce hajji Arfa ce, kuma a nan ya yi huɗubar bankwana a shekara ta 10 bayan hijira, inda ya haramta jinin Musulmi da dukiyarsa ga ɗan'uwansa. Bayan la'asar ko'ina hannuwa a sama, Bature da Balarabe da ɗan Indonesiya da Bahaushe kowa na kuka da yarensa, ba wanda ya damu da wani ya gan shi. Ni abin da ya cika min zuciya ranar hisabi ce, da haƙƙoƙin mutane da ke wuyana.

Muzdalifa muka kwana a ƙasa, muka tsinci tsakuwa, washegari jifa da hadaya da aski.

Sa'ayi kuma, kana tafiya tsakanin Safa da Marwa a kan tayil mai sanyi ga zamzam a gefe, amma Nana Hajara cikin rana ta yi wannan safa da marwar sau bakwai tana neman ruwa ga jaririnta Annabi Isma'il, ta dogara ga Allah kuma ba ta zauna ba.

Shi ya sa raina ke sosuwa idan na ga wasunmu hankalinsu ya koma kan tsaraba da haƙorin Makka da hoton da za a saka a Facebook, alhali alƙawarin da aka yi shi ne wanda ya yi hajji bai yi batsa ba bai yi fasiƙanci ba zai dawo kamar ranar da mahaifiyarsa ta haife shi. Yanzu duk maniyyacin da ya zo min neman shawara sai in ce ya biya bashi, ya nemi yafiyar waɗanda suka yi saɓani, ya fara saba wa ƙafarsa da doguwar tafiya, sannan ya sayi lema da takalmi mai laushi.