Kibod Ɗaya, Na'urori Uku, Da Makon Da Ya Ci Mini

Aikina rubutu ne tun safe har yamma: rahoto, amsa saƙonni, gyaran takardun da wasu suka rubuta. A teburina akwai kwamfutar ofis mai Windows, ga laftof ɗina na Mac da nake zuwa da shi, ga wayar Android da rabin saƙonnin aiki ta cikinta suke shigowa. Da juye-juyen ya ishe ni sai na sayi kibod marar igiya na wani kamfani daban, ba na masu kwamfutocin ba, irin wanda ke riƙe na'urori uku ya kuma zo da ɗan risiba da ake sokawa a ramin USB. Na ɗauka aikin minti biyar ne. Sai da ya ci mini kusan mako guda.

Tuntuɓen farko a kan maɓallai uku na sama na yi shi, masu lamba 1, 2 da 3. Kowanne gurbin na'ura ɗaya ne. Idan ka ɗan taɓa ka saki, kibod ya koma kan na'urar da ke wannan gurbin. Idan ka danne kamar daƙiƙa uku, fitilar ta fara ƙyaftawa da sauri, ya shiga neman sabuwar na'ura ke nan. Ni kuwa hannuna da nauyi, takardar bayanin ma na jefa ta kwali ban karanta ba. Haka na ɗora wayar a gurbin da kwamfutar ofis take. Kwamfutar ta ci gaba da nuna sunan kibod ɗin a jerinta, amma ko na danna sau goma ba ta kama shi. Dalilin shi ne a lokacin haɗawa ɓangarorin biyu suna ajiye wani makullin sirri a tsakaninsu. Kibod ya yar da nasa, ita tana riƙe da tsohon. Magani ɗaya ne: a goge shi daga jerin gaba ɗaya, a sake haɗawa daga tushe. Idan lambobi suka fito a fuskar kwamfutar, a kan sabon kibod ɗin ake buga su a danna Enter, ko da ba ka ga komai yana rubutuwa ba. Na ɓata minti goma ina jiran akwatin da zan ga lambobin a ciki.

A rana ta biyu na zuba sakin layi guda na rahoto ina kallon takarda, na ɗago na ga fuskar kwamfuta fayau. Rubutun duka yana cikin wayata, a zauren WhatsApp na ma'aikatan sashenmu. Allah ya rufa asiri bai tafi ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kalmar sirri. Tawa tana da alamar @ a ciki. Na duba sabon kibod, na ga alamar a kan lamba 2, na haɗa da Shift na buga. Kwamfuta ta ce ba daidai ba. Na sake, na sake, har aka kulle ni. Na kira matashin da ke kula mana da kwamfutoci, ina ta faɗa cewa an sayar mini da jabu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya buɗe mini, ya kawo shafin rubutu ya ce, "Malam, buga alamar nan mu gani." Na buga, sai ga alamar zance ta fito maimakon @.

Ya ce, "Ai kibod ba ya aika harafi, Malam. Gurbin da ka taɓa kawai yake faɗa. Kwamfuta ce ke yanke abin da za ta rubuta."

Shekaru nawa ina bugu ban san wannan ba. Abin da aka zana a kan maɓalli fenti ne kurum. A ƙa'idar HID da kibod na USB da na Bluetooth suke bi, maɓallin da muke kira A lamba 4 yake aikawa. Kwamfutar da aka saita a tsarin Amurka ta rubuta A, wadda aka saita a tsarin Faransa ta rubuta Q. Kwamfutar ofishinmu tana kan tsarin Ingila, inda Shift da 2 ke ba da alamar zance, sabon kibod ɗin kuma zanen Amurka ne. Tsohon kibod zanensa ya dace da saitin, shi ya sa ban taɓa lura ba.

Da na gane wannan sai sauran suka warware kamar zare. Na fahimci abin da Mac yake nufi ranar farko da ya ce in danna maɓallin da ke dama da Shift na hagu, ni kuwa na rufe saƙon don ina sauri. So yake ya san irin ginin kibod ɗin: ANSI na Amurka ne, ko ISO na Turai mai ƙarin maɓalli ɗaya tsakanin Shift da Z, ko JIS na Japan. Na kuma gane me ya sa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suke fitowa a wannan na'ura su ƙi fitowa a waccan. Ba laifin kibod ba ne, kuma babu kibod ɗin da zan saya ya magance shi. Kowace na'ura sai an koya mata nata daban. Windows yana da tsarin Hausa da ake ƙarawa a wajen saitin harshe, a riƙa sauyawa da maɓallin Windows haɗe da Space. Akwai kuma manhajar Keyman ta SIL ga mai son tsari iri ɗaya a kwamfutoci daban-daban. A waya ma, Hausar da ka saita a kibod ɗin fuskar waya ba ta bin ka zuwa kibod na zahiri, shi yana da nasa wajen saiti.

Sai rikicin yatsu. A Windows kwafi Ctrl da C ne, a Mac Command da C. Idan ka haɗa kibod irin na Windows da Mac, maɓallin Windows ya zama Command, Alt ya zama Option, wato sun musanya gurbi da yadda suke a kibod ɗin Apple, inda Command ke jingine da Space. Mac yana bari a sauya su a ƙarƙashin Modifier Keys, kuma ga kowane kibod daban, don haka na laftof ɗin ba ya taɓuwa. Na musanya biyun nan kawai na tsaya. Na ga masu sauya kusan kowane maɓalli don na'urorinsu su zama iri ɗaya, kuma a ganina wahala suke saya wa kansu, domin ranar da suka zauna a kwamfutar wani sai su koma kamar 'yan koyo.

Batun risiba da Bluetooth kuwa, da na ɗauka abu ɗaya ne da suna biyu. Duka suna aiki a zangon rediyo na 2.4 GHz, inda Wi-Fi ma yake cunkuso, amma halinsu daban. Risiba kwamfuta tana ganinsa tamkar kibod mai igiya, saboda haka yana aiki tun kafin Windows ya tashi, har a cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta. Bluetooth sau da yawa sai tsarin kwamfutar ya gama tashi. Risiban kuma ba kowanne ke shiga kowanne ba, ko a kamfani ɗaya: risiban Unifying na kamfanin Logitech yana ɗaukar na'urori har shida, amma ba ya magana da na'urorin Bolt, wani risiban da suka fitar a 2021. Na ba kwamfutar ofis risiba, laftof da waya suka ɗauki Bluetooth. Sunan Bluetooth ɗin ma laƙabin wani sarkin Denmak ne na ƙarni na 10, Harald, wanda ake tunawa da haɗa kan mutanen ƙasarsa. A makon nan dai na sha tuna shi, ba da alheri ba.

Saura matsala ɗaya da ta kusa sa ni mayar da kibod ɗin. Rubutu yana tafiya lafiya sai ya tsaya cak, ko harafi ɗaya ya maimaitu sau bakwai. Na sauya batir, abin ya ragu bai tafi ba. Sai na lura yana tsananta ne idan ina kwashe fayiloli zuwa faifan ajiya na waje, wanda ke soke a ramin da ke kusa da risiban. Ramukan USB 3.0 da igiyoyinsu suna fitar da hayaniyar da ke shiga zangon 2.4 GHz, har kamfanin Intel ya wallafa bayani a kan haka a 2012. Na samo gajeriyar igiyar ƙari, na fito da risiban daga bayan kwamfuta na ajiye shi a kan tebur, taku ɗaya daga kibod. Shi ke nan.

Har yanzu idan na bar shi ya jima ba a taɓa ba yakan yi barci don tanadin batir, harafin farko ya ɓace kafin ya farka. Na saba taɓa Shift kafin in fara. A saman maɓallan uku na manna 'yar takarda da na rubuta "ofis", "laftof", "waya", kuma kafin in buga komai sai na kalli fitilar da ta kunna. Tsohon kibod mai igiya yana nan a durowar ƙasa. Da matashin nan ya zo tattara tsofaffin kaya ya miƙa hannu zai ɗauka, na ce masa ya bar mini shi.