Fangalin da na ɗaga sama a tsakar gida

Ni ɗan Galmi ne, cikin garkar albasa na tashi. Tun ina ƙarami na san yadda ake yin fangali: a tona ƙasa ta yi ɗan zurfi, a kewaye ta da kunya, a sako ruwa ya kwanta. Da aiki ya kawo ni Yamai muka kama haya a Talaje, abin da na fara yi ke nan a kusurwar tsakar gida. Diga ta yi ta tsalle a hannuna, don ƙasan jar marmara ce haɗe da ɓaraguzan siminti da magina suka binne. Na daure na tona, na shuka kuɓewa da yakuwa. Ruwan Agusta ya zo ya cika ramin, ya kwana biyu bai tsotse ba, saiwoyin suka ruɓe. Ranar da na tumɓuke su, warin da ya bugi hancina ya tabbatar mini wannan ƙasa ba ta noma ba ce.

Daga nan na yanke shawarar in yi gini sama, in zuba ƙasar da nake so. Na fara da katako daga kasuwar Katako, gara ta cinye shi kafin shekara ta zagayo. Sai na koma ga bulo, na gina fangali biyu, kowanne jeri biyu, tsayi santimita 40, tsawo mita 3, faɗi mita ɗaya da santimita 20. Faɗin nan da gangan ne, don hannu ya kai tsakiya ta kowane gefe ba tare da an taka ƙasar ba. Ƙasar da ba a takawa ba ta danƙarewa, shi ya sa karoti ke sauka a miƙe. Ban sa siminti tsakanin bulon ba. Ɗan haya ne ni, ranar da muka tashi zan kwashe abina, kuma ta ƴan kafofin nan ne ruwan damina ke samun hanyar fita.

Cikawar ta fi ginin wuya. Na sa mai amalanken jaki ya kawo mini ƙasa mai yashi-yashi daga wajen gari, taki kuma daga kasuwar dabbobi ta Turaku. Ɗanyen taki yana ƙone shuka, yana kuma kiran gara, saboda haka na tara shi a inuwa, ina yayyafa ruwa ina juyawa, har wata biyu. Sai da na cusa hannu ciki na ji babu zafi, warin ya koma na ƙasar da ruwan farko ya daka, sannan na haɗa: kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya taki. Bayan ban ruwa na mako guda ƙasar ta sauka da kamar yatsa huɗu, na ƙara.

Sanyin farko ya yi mini kyau ƙwarai. Na yi reno a Oktoba, na dasa a Nuwamba, kafin ƙarshen Disamba muna cin salatinmu. Uwargida ta daina aiken yara sayen ganye, kuma hankalinta ya kwanta, domin ta san da wane ruwa aka shayar da shi.

A farkon Maris Baba ya zo ganin likitan ido. Mutum ne da yake noman albasa tun kafin shugaban ƙasa Seyni Kunce ya yi kiran a rungumi noman rani bayan farin 1984, albasar nan mai ruwan shuni da manyan motoci ke kaiwa har Abijan da Akara. Ya zagaya ginin nawa sau biyu bai ce komai ba. A lokacin kuwa salatin ya fara ba ni tsoro: in shayar da safe, kafin azahar ya langaɓe. Baba ya durƙusa, ya dafa bulon, ya janye hannu. Ya cusa yatsa a tsakiyar fangalin, ya fito da danshi. Ya cusa a gefe, ƙasar ta zubo kamar gari.

Ya ce, "Yaro, mu muna ɓoye ruwa a ƙasa don kada rana ta gan shi. Kai ka ɗauko shi ka miƙa mata ta gefe huɗu."

Na ce, "Baba, ƙasan nan dutse ne, kuma da damina tafki yake zama."

Ya gyaɗa kai. "To ginin ya zauna. Amma samansa sai ya koma irin namu."

Washegari da asuba, da idonsa ɗaya a rufe da auduga, ya sa na rage ƙasar har ta sauka ƙasa da bakin bulo, ya raba saman gida uku da ƴan kunyoyi, kowane gida ya zama ƙaramin fangali mai riƙe ruwa. Ya ce a yaɓe bayan bulon da laka mai kauri, a jingina zana ta gefen yamma. Ya aiki yara wurin masu sussuka suka kawo buhun ƙaiƙayin hatsi, muka shimfiɗa a gindin shuka. Kafin zuwansa kowane fangali yana shan arozuwar, wato butar ban ruwa, uku mai lita 10 a yini. Bayan gyaran, biyu sun isa, kuma ganyen yana kai la'asar a tsaye. Ga wanda ke sayen ruwa wurin ga-ruwa duk ranar da pampo ya ɗauke, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Daga baya na ƙara da tulu biyu na Bubon, ƙauyen magina tukwane da ke kusa da Yamai, na binne su har wuya a tsakanin tomati. Tulun da ba a shafe shi ba yana tsatsar da ruwa a hankali, saiwa ta je ta nannaɗe shi.

Ina ganin hotunan irin waɗannan akwatunan shuka a Facebook, matasanmu suna sha'awa. Yawancinsu daga Turai da Amurka suke, inda ƙasa ke da sanyi da yawan danshi, ana ɗaga ta don ta yi saurin ɗumi ta tsane. Mu a nan ɗumi da tsanewa su ne abin da muke gudu wata tara a shekara. Wanda ƙasar gidansa ke da kyau, ruwa ba ya kwana a ciki, ina roƙonsa kada ya kashe kuɗin bulo, ya tona kawai. Ginin sama na irinmu ne, masu marmara da tafkin damina da gidan haya.

Abu guda da na koya da kaina: ban maimaita tomati a wuri ɗaya. Shekara ta biyu na tumɓuke wata da ta ƙi girma, na ga saiwar duk ƙulli-ƙulli, aikin wasu tsutsotsi da ido ba ya gani. Kuɓewa ma suna kama ta. Yanzu inda tomati ya tashi albasa ke shiga. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ina barin fangali ɗaya ya huta ƙarƙashin ƙaiƙayi, ɗayan kuma alayyahu kaɗai, da rumfar zana a kansa.

Makon jiya direban da ke zuwa daga Galmi ya kawo mini ƙullin tsumma daga Baba. Irin albasa ne, baƙi ƙirin, wanda ya ɗiba daga nasa. Ya haɗo da saƙo cewa kada in dasa sai dashen ya kai kaurin fensir, kuma in kira shi ranar da zan fara.