Godiya bayan tiyatar Baba

Alhamdu lillahi, an sallami Baba jiya da la'asar. Ƙarfen ya zauna daidai a cinyar, sai gashi da koyon taka sanda. Kun san yadda abin ya faro, ba sai an maimaita ba.

Wasu da suka taimaka sun yi ta tambaya ina kuɗin ya shiga, kuma hakkinsu ne su ji. Abin da likita ya rubuta a takardar aiki ba shi ne kuɗin tiyata ba, somin taɓi ne. Ƙarfe da kusoshi daban ake saye. Kuɗin ɗakin tiyata da na allurar kashe rabin jiki daban. Kafin nan akwai hoto, awon jini, awon ƙoda da na zuciya saboda shekarunsa. Sai 'yar takardar da ake miƙo wa mai jinya kusan kullum: ruwa, safar hannu, auduga, robar fitsari, allurar hana ciwo ruɓewa. Ɗaya-ɗaya ba su da tsada, amma a kwana 16 sun cinye kuɗin ragon layya.

Ɗage aiki ne ya fi karya mu. Ranar farko jininsa ya hau, aka ce sai wani mako. Wannan makon kuwa kuɗin gado ne, da abinci, da sake gwada jinin da za a ƙara masa, don gwajin ba ya wuce kwana 3. Duk mai hawan jini da aka sa wa rana, ya riƙe maganinsa yadda likita ya ce, kada ruɗewa ta sa a manta.

Jini leda 3 aka nema. Ko ɗan'uwa ne ya bayar, sai an biya kuɗin leda da na tantancewa. Daren aikin muna da biyu. Wajen ƙarfe 11 aka mayar da mutum biyu da muka kawo, ɗaya jininsa bai kai ba, ɗaya an ga ciwon hanta. Muna tsaye a baranda, ba mai iya kallon wani, sai ga mai adaidaita sahun da ya kawo mana tuwo ya tuɓe hula ya ce, "A gwada nawa." Aka ɗiba, ya sha lemo ɗaya, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Ya hana a ambace shi. Mun bar sunan, amma 'yan tashar bakin kasuwa sun san shi. Allah Ya tsare masa hanya, Ya mallaka masa nasa keken, Ya raya masa zuri'a.

Goggo, kin ce a yi shiru, ki yi haƙuri: 'yan kunnenki ne suka biya ƙarfe. Liman da jama'ar masallacinmu, matan adashe da suka ba Inna kwasar da ba tata ba, ma'aikatan jinyar dare, Allah Ya saka da Aljanna, Ya sa kada ku kwana a barandar asibiti. Waɗanda suka ce za su kira, wataƙila sabis ne; Baba dai ya tambaye ku sau biyu.

Masu bin mu bashi, komai na rubuce da rasit. Za mu fara biya bayan an cire zare ranar Litinin.