Ƙullutun da ke ƙirjin Baba

Ƙannena, ku da iyayenku maza suka fara manyanta, da ku nike. Ni nan Tawa nike zaune, kuma kuskure biyu na tafka kan Babana, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ranar da ya ɗaga riga ya gwada min wani ƙullutu ƙarƙashin kan nono nai na hagu, kamar ƙwarar gujiya, tauri gare shi amma ba ya ciwo, sai na ce haba Baba, namiji mi ya haɗa shi da kansar nono? Na sayo mai pomad a farmasi, wata bakwai muna shafe-shafe har wanzami ya yi mai ƙaho, sai da Inna ta ga ɗigon jini a singiletinshi wajen wanki sannan hankalina ya tashi. Ashe maza ma suna yi, cikin mutum 100 masu kansar nono kusan 1 namiji ne, galibi wanda ya haura 60.

Muka hau kar sai Yamai. Dokta ya soka wata siririyar allura cikin ƙullutun ya zuƙo ɗan abin da bai kai ɗigo ba, ya shafa bisa gilas aka kai labo. Da rezilta ta fito ya zaunar da ni ya ce, ɗana, wanga irin da ba a cika gani ba ne, papiler ake ce mai, ƙwayoyin suna tsirowa kamar 'yan yatsu cikin hanyar nono, kuma mai illa da marar illa kama suke ƙarƙashin madubin labo, don allura ƙwayoyi kawai take ɗaukowa a warwatse, ba ta nuna ko abin ya keta ya shiga nama. Sai an ciro 'yar tsoka, biyopsi kenan.

Wallahi duk bayanin nan abu ɗaya kunnena ya ɗauka, ba a tabbatar ba. Guzuri ya ƙare, ruwan shuka ya sauka, na ce Baba mu koma gida an ce ba kome. Ba haka aka ce ba, ni na ƙara. Wata huɗu muka sake ɓatawa, da muka koma ya kai lemun tsami girma, biyopsi ta ce kansa ce, aka yi mai aiki aka cire nonon, yanzu kullum yana shan tamoxifen, maganin rage haɗarin dawowar kansar.

Don Allah in an ba ku takardar labo kar ku tashi sai kun maimaita ma dokta abin da kuka gane da bakinku, ya ce i haka ne. Ƙullutu gefe guda, kan nono ya lotsa ciki, ko jini, ku kai tsoho likita satin nan ko da ya ce kunya yake ji. Ku faɗa ma yayyenku mata su ma, don akwai kansar nono da ake gado, dokta sai da ya tambaye ni ko gwaggonnina sun taɓa yi.

Littinin za mu koma kontrol, takardun na cikin leda ƙarƙashin katifata.