Idan ƙarar tsohuwar amfilifayar jita ta ragu

Amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin jita, mai aiki da bawul (kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila da ke ninka sigina), irin su Fender Deluxe Reverb ta shekarun 1960 ko Vox AC30, ba kasafai take mutuwa rana ɗaya ba. Sai dai ka ga maɓallin ƙara da kake bari a kan 3 yanzu sai ka kai shi 7. Mutane da yawa sukan ruga su sayi sabbin bawul, alhali laifin yakan ɓuya a wani ɗan abu da bai taka kara ya karya ba. Yadda ƙarar ta tafi shi ke nuna inda za a duba: ta faɗi farat ɗaya ne, ta yi ta raguwa cikin watanni, ko tana zuwa tana tafiya?

Kafin ka taɓa sukurudireba, canza wayar jita, ka kuma gwada wata jitar. Duba ramin da ka cusa wayar, domin a tsofaffin Fender an yi rami na 2 ne da gangan ya fi na 1 rauni da kusan desibel 6. A bayan amfilifayar ma akwai tarko: ramukan lasifika biyu ne, kuma idan ka cusa a na ƙari ka bar na ainihi babu komai, na ainihin zai gajarce hanyar siginar, ka ji sauti can ƙasa kamar daga rijiya. Ita lasifikar, cire wayarta ka auna turjiyarta ga wuta, wato om, da mita. Mai om 8 takan nuna 6 zuwa 7. Ka mayar da ita kafin ka kunna, don amfilifaya mai bawul idan ta yi aiki ba lasifika tana iya ƙona taransifomar fitar da sauti.

Ƙarar da ke zuwa tana tafiya kusan kullum datti ce ko tsatsa. Fesa ruwan wanke mahaɗan lantarki a ramukan waya da cikin maɓallan juyawa, ka murza su sau ashirin. Zare kowane bawul, ka ɗan fesa a ƙafafunsa, ka cusa ka zare sau uku ko huɗu. Idan amfilifayar tana da ramuka biyu na aika sauti zuwa na'urorin ƙawata sauti da dawo da shi, haɗa su da gajeriyar waya. In ƙara ta dawo, harshen ƙarfen da ke cikin ramin ne ya daina taɓawa.

Sai bawul. Da ɗaya mai lafiya a hannunka, musanya ƙananan ɗaya bayan ɗaya, kana kashe wuta kana saurare bayan kowanne. Karanta lambar jikinsu da kyau: 12AX7 yana ninka sigina har sau 100, 12AT7 wajen 60, 12AU7 bai wuce 20 ba, kuma duk soket ɗaya suke shiga. Wani ya sa 12AU7 a gurbin farko, shi ke nan ƙara ta tafi ba tare da komai ya lalace ba. Manyan bawul, wato 6V6, 6L6, EL34 ko EL84, su suka fi saurin gajiya. Alamarsu sauti ya yi laushi, kauri ya ragu. Idan ɗaya cikin biyu ya mutu gaba ɗaya, ƙara za ta faɗi, sauti ya dagule, gurnani ya ƙaru. Ana canza su tare, waɗanda aka auna suka dace da juna, sannan a saita bayas, wato yawan wutar da bawul ke ja lokacin da ba a kaɗa komai, in amfilifayar tana da wurin saita shi. Bawul mai gyara wuta, wato mai mayar da wutar AC zuwa DC, kamar GZ34, shi ma idan ya tsufa yakan sauke ƙarfin wutar amfilifayar baki ɗaya.

Daga nan aikin ya koma ciki, kuma ciki wuta tana iya wuce bolt 400. Manyan kafasita, wato ma'ajiyan wuta, suna riƙe wannan wuta ko bayan an zare soket daga bango, kuma tana kisa. A sauke ta ta cikin resista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai kilo-om 100 da wat 5, a tabbatar da mita cewa ta koma ƙasa da bolt 10. Wanda bai saba ba, nan ne wurin tsayawarsa, ya kai wa mai gyara.

Ga raguwar da ta zo a hankali, farkon abin zargi shi ne ɗan kafasitan katod (katod shi ne sashen bawul da ke fitar da lantarki), galibi maikurofarad 25, da ke rungume da resista mai kilo-om 1.5. Bayan shekara hamsin ruwan cikinsa ya bushe, ninkin da bawul ɗin ke yi wa sigina ya faɗi, sauti ya yi siriri. Gwajin ba wuya: a kashe, a sauke wuta, a maƙala sabo a kan tsohon, ƙafarsa mai alamar + tana wajen katod. Na biyu su ne resistocin filet (farantin cikin bawul da ke karɓar babbar wuta), galibi masu kilo-om 100. Tsofaffin na gawayi darajarsu hawa take yi da shekaru, kuma wanda ya kauce da fiye da kashi 20 cikin 100 ya cancanci canji.

Awon wuta ya fi zato. A 12AX7, ƙafa ta 1 da ta 6 su ne filet, sukan nuna tsakanin bolt 150 da 250. Ta 3 da ta 8 katod ne, galibi bolt 1 zuwa 2. Filet ya nuna sifili, resistan filet ɗin ya yanke. Ya yi daidai da wutar da ke shigo masa, katod kuma sifili, to bawul ɗin ba ya jan wuta. A 6V6 na Deluxe Reverb, ƙafa ta 5 ta nuna wajen bolt 35 ƙasa da sifili. Idan tana matsowa sifili, ko cikin bawul ya yi ja kamar garwashi, kashe nan take: ko kafasitan haɗi, mai kai sigina daga wani bawul zuwa na gaba, yana yoyon wuta, ko hanyar bayas ta lalace. Duba kuma resista mai om 470 da ke kan soket ɗin, yakan ƙone idan bawul ya mutu, sabon bawul kuma ba zai yi aiki ba sai an canza shi.

Taransifomar fitar da sauti ita ce ta ƙarshe. Idan wayar da aka naɗe a cikinta ta haɗe, duk awon wuta zai yi kyau amma ƙara ta kasance kaɗan, ba kauri. Mita ta om ba ta cika kama wannan ba, sai an saka mata ƙaramar wutar AC an auna abin da ke fita, ko an ɗaura wata na ɗan lokaci an kwatanta.