Na sa Echo aiki tare da Stihl da Husqvarna, ga abin da na gani

A wajenmu masu yankan itace, injin zarto suna biyu gare shi: Stihl da Husqvarna. Tsofaffin hannu su ƙara da Dolmar. Duk wanda ba ya cikin waɗannan, ɗan Cana ne a bakinmu, ko da daga Japan ko Italiya ya fito. Ni ma a kan haka na tashi. Na koyi aiki a hannun maigidana a wajen Gidan Waya, kusa da gandun dajin Nimbiya da ke kudancin Kaduna, inda ake tsaga itatuwan tik da malaina, kuma a can ba a san wani inji ba sai Stihl 070. Da na koma cikin garin Kaduna aikin ya sauya fuska. Yau dalbejiya ce ta karkato kan katangar wani, gobe itacen turare ne a harabar makaranta ana tsoron iskar damina ta kayar da shi kan aji, jibi tsofaffin mangwaro ne mai gona yake so a rage. A wannan aikin na cikin gari ne wani injin zarto mai suna Echo ya shigo hannuna.

A wajen wani mai kayan gwanjo na same shi, cikin tarin injinan yanke ciyawa da janareto da aka sauke daga kwantena. CS-590 ne, na hannu, fentin ya ɗan koɗe. Ya daɗe a shagon ba wanda ya taya, don duk afaretan da ya ɗaga shi ya karanta sunan sai ya ajiye. Na kwance bututun hayaƙin na leƙa fistin, na ga sumul ba karce. Na riƙe igiyar tayarwa na saki injin, bai zube ƙasa ba, sai da ya riƙa sauka a hankali, alamar matsin iskarsa na nan. Kuɗin da na biya bai kai rabin abin da ake nema a kan tsohon Stihl 381 ba a lokacin.

Daga baya na bi diddigin sunan. Na Japan ne, kamfanin Yamabiko ke yin sa, wanda aka kafa a 2008 da aka haɗe Kioritz da Shindaiwa. A Amurka sananne ne sosai wajen manoma da masu tara itacen hunturu. Mu ne dai bai zo mana ba. Su kuwa manyan sun riga shi nisa: Andreas Stihl ya buɗe kamfaninsa a Jamus a 1926, Dolmar ya fara a Hamburg a 1927 kafin Makita ya saye shi a 1991, Husqvarna na Suwidin kuma a 1689 ya fara da ƙera bindiga, sai a 1959 ya shiga harkar injin zarto.

Abin da ya fara ba ni mamaki nauyi ne. 070 ya kusa kilo 11 ba mai, ba ƙarfen sarƙa, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai. Ka ɗora masa ƙarfe mai inci 36, ka cika tankinsa mai cin lita 1.2, sannan a ce ka hau tsani da shi ka rage reshe. Ba mai hankalin da zai yi, amma mun yi shekaru muna yi saboda shi ke gare mu. Echo ɗin kilo 6 ne. Ranar da na fara rage rassan dalbejiya da shi, da magariba na lura kafaɗata ba ta yi mini irin tsamin da na saba ba, yatsuna kuma ba su yi wannan zugin da ke hana mutum riƙe kofin shayi ba. Dalilin zugin girgiza ce. An raba hannun Echo da jikin injin da abin da ke shanye girgiza, haka ma 381 da Husqvarna 372 XP. Shi 070 tsarin 1968 ne, duk motsin fistin a tafin hannunka yake ƙarewa.

Wajen ƙarfi kuwa lissafin a fili yake. Echo 59.8cc ne, 372 XP 70.7cc, 381 kuma 72.2cc, shi ko 070 ya kusa 106cc. Wani abokin aikina yana da 372, mun sha haɗuwa a kan gungume ɗaya. A dalbejiya ko turare mai kaurin da ƙarfe mai inci 20 zai ratsa, yana riga ni fita, amma ba da tazarar da mai aiki zai lura ba. Idan sarƙata ta fi tasa kaifi ni ke riga shi, kuma hakan ya faru ba sau ɗaya ba. Inda bambancin ke fitowa shi ne busasshen itace mai tauri. A kan kirya ko marke, da na danna sai in ji muryar Echo ta fara sauka, dole in sassauta in bar shi ya ci da kansa. Na abokina bai damu ba, wucewa yake yi.

Tsagar katako ce ta nuna mini iyakarsa ƙarara. An ba ni wani maɗaci da iska ta kayar a gona, mai shi yana son falanki ƙafa 12 da 'yan tu-bai-fo na rufi. Na ce bari in gwada baƙon. Na wasa sarƙar a kan kwanar tsaga, wajen digiri 10 maimakon 30 na yankan gicciye, na buga layi da zare da baƙin mai kamar yadda muka saba. Ya yi falanki, ba zan ce bai yi ba. Sai dai yankan gicciye na 'yan daƙiƙu ne inji ya huta, tsaga kuwa mintoci ne a jere da totur a ƙure. Kafin in kai ƙarshen layi na biyu murfin kulocin ba ya taɓuwa don zafi, tankinsa mai ɗan fin rabin lita kuma ya kusa ƙarewa. Na kashe shi na aika yaro ya ɗauko 070. Shi wannan ba gudu ne da shi ba, ƙarfin ja ne, ga sarƙa mai manyan haƙora ta .404. Ya shiga maɗacin nan da murya ɗaya ya fita da ita. Masu tsaga a Ondo da Edo da Kuros Riba da suka manne masa ba jahilci ba ne ya sa su, aikin ne ya zaɓa musu.

Ƙurar hunturu ita ce ke kashe inji a arewa fiye da aiki. Matacin iska ya toshe, inji ya riƙa shaƙewa yana shan mai, ko kuma ƙura ta bi gefe ta shiga ta cinye fistin da zobe a hankali. A nan Echo ya burge ni. Fankar da ke sanyaya injin tana watsar da manyan ƙwayoyin ƙura kafin iska ta isa matacin, irin dabarar da Husqvarna ma yake amfani da ita. Da yamma idan na buɗe murfin sai in tarar da ɗan siririn gari kawai, in kakkaɓe da burushin haƙori. Duk da haka kullum nake buɗewa, ban taɓa yarda in kwana biyu ban duba ba a lokacin hazo.

Mai ma ya yi mini daɗi, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Aikin rage rassa da a da nake yi da babban inji yanzu ƙaramin tanki ke gamawa. Ina haɗa masa mililita 20 na man 2T mai kyau a kowace litar fetur, wato 50 da 1, kuma da sirinji nake aunawa, ba da murfin gora ba. Fetur ɗin 'yan bumburutu ba na zuba masa sai dole. Man sarƙa ne dai har yau nake jayayya da abokan aiki a kai. Kusan kowa baƙin man da aka juye daga mota yake zubawa saboda araha, alhali cike yake da garin ƙarfe, yana cin famfon mai yana cin ƙarfen sarƙar. Wanda kayan gyaransa ke zube a kasuwa zai iya wannan ganganci. Ni da ba ni da inda zan samu famfo, sabon man inji mafi araha nake saya.

Kayan gyara su ne ainihin inda sanannen suna ya yi wa baƙo fintinkau. Ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano da mataccen 070, kafin la'asar ka fito da shi yana kuka. Fistin, bulok, kafireto, kuloci, koyil, akwai na asali akwai na kwaikwayo, aljihunka ne zai zaɓa. Da na kai Echo wajen bakaniken da nake hulɗa da shi don ya duba mini kafireto, sai ya juya shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, wannan kuma daga ina? Ranar da ya buga, ka kawo mini shi in cire fulogi in ba ka sauran ka kai wa 'yan gwangwan."

Na ce, "Haba Oga, ko gwadawa ba za ka yi ba?"

Ya yi dariya, ya kwance. Da ya ga kafireton Walbro ne, irin wanda ya saba gani, sai ya saki jiki ya wanke shi ya mayar. Fulogi, igiya, tiyon mai, duk ana samun wanda zai shiga. Sarƙa ma mai awon 3/8 ce, wadda ake yankowa daga nadi. Amma a nan sai an kula da abu biyu. Ƙarfen Echo mai inci 20 yana cin ƙafar sarƙa 70, wato 'yan haƙoran ƙasa da ke bin ramin ƙarfen, na Stihl da Husqvarna masu wannan tsawon 72 suke ci, don haka sarƙar da aka riga aka ƙulla ba za ta ɗaure ba. Sannan kaurin ƙafar ya bambanta: nawa milimita 1.3 ne, na Husqvarna a nan yawanci 1.5, na Stihl 1.6. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne. Ka je da tsohuwar sarƙarka a hannu a gwada a gabanka. Shi kansa ƙarfen sarƙar gindinsa daban ne, ramin mai ba ya haɗuwa da na sauran sai an yi masa aiki da magagari. Fistin da zobe da matacin iska kuwa sai na roƙi wani ɗan'uwa da ke odar kaya ta intanet ya sayo mini, na ajiye tun ban buƙace su ba, don ranar da inji ya tsaya ba ranar fara jiran jirgi ba ce.

Akwai wani gefen da ban yi tunaninsa ba sai da na ga ya faru da wasu. Sunan da kowa ke so shi ake yi wa jabu. Kasuwa cike take da 070 da 381 masu launin ruwan lemo da fari, da kwali da takarda da komai, waɗanda ba su taɓa ganin masana'antar Stihl ba. Wani yaro da ya yi aiki a hannuna ya tara kuɗi ya sayi irin wannan a kan farashin da ya kusa na gaske. Bai daɗe ba rufin cikin bulok ɗin ya fara ɓarewa, ya kwashe fistin. Rubutun ƙasar da aka ƙera ba hujja ba ne, don Stihl yana da masana'antunsa na kansa a Amurka da Brazil da Qingdao ta ƙasar Sin. Abin dubawa shi ne lambar da aka buga a jikin ƙarfen injin, da tsabtar zubin ƙarfen, da kuma wanda ya sayar maka. Shi Echo ba wanda ya ɓata lokacinsa ya kwaikwaye shi don kasuwarmu, tun da ba mai nema. Wanda na saya na hannu ne, amma na san abin da na saya.

Rashin sunan yana da nasa harajin. Wani Alhaji da ya kira ni sare turare a gidan gonarsa ya kalli injin ya ce, "Kai da wannan ɗan abin za ka yi mini aikin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa azahar." An gama lafiya, amma tun daga nan idan zan je ganin sabon aiki nakan ɗora 070 a bayan babur ko da ba zan tayar da shi ba, don ciniki ya fi tafiya idan an gan shi. Haka idan buƙata ta taso ka so sayar da inji. Tsohon Stihl kamar akuya yake, duk ranar da ka kai shi kasuwa akwai mai saye. Echo sai ka yi ta bayani.

Da wani zai tambaye ni inji ɗaya tak da zai saya ya ci abinci da shi a garuruwanmu, 381 ko ƙaninsa 382 zan ce masa, ko Husqvarna 365 ko 372 idan ya samu na gaske, saboda suna taɓa tsaga suna yin sara, kuma duk inda suka lalace akwai mai gyara. Wanda tsagar falanki ce abincinsa ya riƙe 070. Echo na mai inji biyu ne, ko mai gona da ba kullum yake yanka ba kuma zai kula da mai da mataci.

Yaran da ke koyon aiki a wajena kuwa da Echo nake fara su, saboda birkin sarƙa. Idan saman hancin ƙarfen ya taɓi reshe, inji kan yi tsalle ya dawo wajen fuskar mai riƙe da shi kafin ya ƙifta ido. A Echo da 381 da 372 akwai maratayi a gaban hannun hagu da ke tsayar da sarƙar nan take. 070 ba shi da shi. Kowace safiya kafin a fara, yaro zai tayar da inji, ya ba shi wuta, ya tura birkin da bayan hannu a gabana in ga sarƙa ta tsaya cak. Sai ya iya wasa sarƙa har ta riƙa fitar da ɓarzajen katako maimakon gari, ya kuma iya karanta inda itace zai faɗi, sannan nake barinsa ya ɗauki babban.