Kada ku zubar da tsofaffin kaset ɗinku na Samanja da Ibro

Sana'ata juyar kaset ce. A kawo mini kaset ɗin bidiyo na da, in wanke shi, in juye abin da ke ciki zuwa filash ko memori. Na biki da suna da saukar Alƙur'ani duk ina yi, amma wanda ya fi ɗaukar raina shi ne wasan kwaikwayon da, irin wanda iyayenmu suka naɗa daga talabijin da kansu, wani lokaci har da kan labarai da talla a tsakiya.

A hannun maigidana, wani mai gyaran rediyo da bidiyo a cikin birnin Kano, na koya. Allah Ya jiƙansa. Na daɗe ina share shago da riƙe masa tocila kafin ya yarda in kwance bidiyo. Abin da ya fara koya mini goge kan injin ne da sifirit da farar takarda, a hankali, ba da auduga ba, domin zarenta kan maƙale ya karya kan. Duk bidiyon da muka gyara, da Samanja Mazan Fama muke gwada shi. Marigayi Usman Baba Pategi tsohon soja ne na gaske, shi ya sa Hausar barikin nan ta zauna masa a baki. Yana daka tsawa sai ka ga masu wucewa sun cika ƙofar shago, maigida yana korarsu yana dariya.

Aikin ba ya son gaggawa. Kaset ɗin da ya shekara talatin a ƙarƙashin gado ya sha damina da hunturu, zaren ya yi fumfuna fari-fari, ya manne da juna. Kwance shi nake yi, in goge daga farko har ƙarshe, inda ya tsinke in ɗaure. Sannan in zauna in saita tirakin, wato abin da ke daidaita hoto, har layin nan mai rawa a ƙasan hoto ya kwanta. Kaset na awa 3 kuwa awa 3 yake ci, babu hanyar yanke. Ga injin ya zama gwal: tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda ya rage yana ƙerawa, ya daina. Na gwanjo nake saye, in ciri kayan wannan in raya wancan.

Duk da haka sai mutum ya zo ya ce, "Haba malam, ai yaran bakin titi a naira ɗari biyu suke turawa." To je ka wurinsu. Abin da suke turawa an matse shi har fuskar Kasimu Yero ba ta ganuwa, baki na motsi magana na baya, an yanke farko, an lafta lambar waya a tsakiyar hoto. Mutumin da rabin wasansa a ido da gira yake, me ka kalla?

Na Ibro sun fi zuwa. Tun rasuwar Rabilu Musa, wato Ibro, a Disambar 2014 mutane ke tono su, musamman na farko-farko, lokacin da yake da jar hularsa da ƙaramar kyamara ɗaya, ana ɗauka a ƙauye kaji na ratsawa. Ni a ganina waɗannan sun fi na baya daɗi, kafin waƙa da rawa su cika fim. Kwanaki wani dattijo ya kawo su cike da buhun shinkafa, ya ce jikokinsa sun san sunan amma ba su san dalilin da ake dariya ba. Da ya zo karɓa sai ya zauna nan kan benci yana kallo har aka kira la'asar, amma da aka zo biyan kuɗi shi ma sai da ya nemi ragi.

Wanda ke da irin waɗannan kaset, don Allah kada ya zura su a bidiyo wai zai gwada. Zaren mai fumfuna ɓata kan injin yake yi, shi ma ya tauye. Kada kuma a shanya a rana. A kawo su yadda suke, da ƙurarsu.